Awon Igiya

Ranar Asabar, a ajin da na koyar shekara talatin da biyu,
na zauna kan bencin yara,
gwiwoyina na gaisawa da haɓata.
Dubu biyar kuɗin shiga, har da biro da ruwan leda.
Takardar giratuti na aljihun gaba,
ninki huɗu, zufa ta fara cin tambarin.

Mai koyarwar Jazuli ne, ɗan gidan Talle mahauci,
wanda bakwai sau takwas ta sha hana shi fita tara.
Yau ga kwat, ga majigi,
ga janareta na tari a bayan taga.
Ya gan ni, ya rusuna kaɗan,
rusunawar mai tausayin wando.

Ya ce: Ƙasa ba ta ruɓa.
Muka rubuta.
Ya ce: An daina ƙera ta, mu kuwa kullum ana suna.
Muka rubuta.
Ya ce: Dutse tafiya take, dare da rana,
wata rana a nan Kiyawa za ta yada zango.
Ka saya tun tana jeji,
ka sayar in ta ji ƙanshin kwalta.

Na koyi cewa awon gwamnati daban, awon igiya daban,
cewa dillali na cin la'ada ta baki biyu,
cewa ba a sayen gado sai magada sun cika,
har da ƙanwar da ke aure a Gujungu
wadda kowa ya manta.

Tabawa mai ƙuli ta ɗaga hannu:
In na saya, kafin kwaltar ta iso,
awakina za su iya kiwo a ciki?
Aji ya fashe da dariya.
Ni ban yi ba.
Tambayata ce ta riga ni.

Sai ya haska taswira a bangon da na sha rubuta jadawali.
Akwatuna, akwatuna, hamsin-hamsin,
kamar an yanka alewa a faranti.
Na gyara tabarau.
Wannan lanƙwasar ai na san ta,
rafin da ke cika sau biyu a damina.
Wannan ɗigon, tsamiyar Baffa Ilu ce,
inda muke ajiye goran kunu ranar gayya.
Fuloti na goma sha bakwai
a nan kunama ta harbe ni ina ɗan shekara tara,
a nan gero ke fin mutum tsawo
saboda shanun Arɗo Buba sun saba kwana a wurin.

Jazuli ya ce: Nan kusurwa ce, ta fi tsada.
Bai yi ƙarya ba.
Tun kafin a haife shi ta fi tsada.

Na so in ce masa ƙasa na gajiya, yaro,
tana jin yunwa, tana fushi, tana yafewa.
Amma wanda ya biya kuɗin zama ɗalibi
ba ya karɓe alli.
Kuma lissafinsa ya fita, na bi shi sau biyu a bayan littafi:
kuɗin da na ajiye a banki kullum ramewa yake,
buhun siminti kuwa ƙiba.

Da la'asar aka raba fom da shaidar halarta,
sunana da kuskuren harafi ɗaya.
Ban bi ta gida ba.
Na jingine keke a gindin tsamiyar,
na tarar an dasa turaku masu jan fenti
tsakanin kututturan dawa.
Na taka daga wannan zuwa wancan, ina ƙirgawa.
Taku goma sha takwas.
Iyakar abin da shekara talatin da biyu za ta saya.

Na tsuguna na damƙi ƙasar.
Har yanzu baƙa ce, har yanzu da danshi.
Fom na hannun hagu.
Na laluba aljihu,
ashe biron na bar shi a kan benci.